Darasi na 9: Zaɓen Sabon Kiranki da Ɗaura Shi a Keken Hawan Dutse

Manufar darasi

Idan an kammala wannan darasi, ana so ɗalibi ya iya tantance ko kirankin kekensa ya mutu ne ko ɗauri kawai yake so, ya san awon da zai riƙe kafin ya shiga kasuwa, ya kuma iya kwance tsoho ya ɗaura sabo ba tare da ya kashe tiredin firam ba.

Kiranki shi ne hannuwan nan biyu da ake ɗaura wa feda, haɗe da farantai masu haƙora waɗanda kaca ke hawa a gefen dama. Wata sandar ƙarfe ce ta haɗa hannun dama da na hagu. Ta ratsa ta cikin gajeren bututun da ke can ƙasan firam, tana juyawa a kan boris. A nan za mu riƙa cewa sandar tsakiya, boris ɗin tsakiya, da bututun tsakiya. Duk ƙarfin da ƙafa ta zuba ta nan yake bi kafin ya kai tayar baya, shi ya sa ƙaramar matsala a wurin ba ta daɗewa tana ƙarama.

Keken hawan dutse ba tsohon abu ba ne. A shekarun 1970 ne wasu matasa a yankin Marin na jihar Kalifoniya, a Amurka, suka riƙa gangarowa daga tsaunin Tamalpais a kan tsofaffin kekuna masu faɗin taya. Daga baya irin su Joe Breeze da Tom Ritchey suka shiga ƙera firam musamman don wannan aiki. A 1981 kamfanin Specialized ya fitar da Stumpjumper, ɗaya daga cikin na farko da aka ƙera da yawa don kasuwa, a 1996 kuma tseren ya shiga gasar Olamfik a Atlanta. Abin da ya shafe mu a wannan tarihi shi ne, daga wancan lokaci zuwa yau kamfanoni sun yi ta sauya yadda kiranki ke kama sandar tsakiya, kuma kekunan da ke isowa kasuwanninmu, musamman 'yan Kwatano, gauraye suke. Za ka ga ƙirar 1995 jingine da ƙirar 2015. A ido duk keke ne mai giya da taya mai kaushi, amma a ciki ba ɗaya ba ne.

Akwai kuma gadon da muka taso da shi. Kekunan Raleigh da Phoenix, waɗanda masu gyaranmu da yawa suka koyi sana'a a kansu, kota ce ke riƙe kirankinsu, wato gajeren ƙarfen nan da ake bugawa ya shiga, a buga ya fita. A can guduma tana kan aikinta. A keken hawan dutse ba ta da gurbi, kuma kiranki da yawa ita ce ajalinsu.

Kafin ka zargi kiranki

Ba duk ƙara ce daga kiranki take fitowa ba, domin bututun firam yana ɗaukar sauti daga wani wuri ya kai wani. Idan ka miƙe tsaye a kan feda ƙarar ta ɗauke, sirdi ne ko sandarsa. Idan ƙafa ɗaya ce kawai take jin ƙas-ƙas, fara da fedar wannan gefen: kwance ta, shafa wa tiredin giris, ka mayar.

Gwaji na ainihi ba ya bukatar kayan aiki. Sauke kaca daga faranti, ka kama hannun kiranki ɗaya ka ja shi waje, ka tura shi wajen firam. In hannuwan biyu suna motsi tare, boris ne ya yi wasa, kiranki lafiyarsa ƙalau. In hannu ɗaya ne ke girgiɗi shi kaɗai, to ya saki sanda. Sannan ka juya kirankin a hankali da yatsa ɗaya. Jin gurzar yashi ko cijewa, wannan ma boris ne.

Hannun da ya saki sanda, galibi na hagu, shi ne mai gajeren wa'adi. Sandar ƙarfe ce mai tauri, hannun kuma yawanci alminiyam ne mai laushi. Wanda ya taɓa noma da fartanya mai girgiɗi ya san ramin ƙota ne ke faɗaɗa, ba ruwan fartanyar ba, to haka ramin hannun kiranki yake yi. In ka ji girgiɗin ka sauka nan take ka ɗaure, mai yiwuwa ka tsira da shi. In ka ce bari ka ƙarasa gida, ramin ya buɗe ke nan, kuma duk ɗaurin da ka yi masa gobe zai sake kwancewa. Masu cusa yankin gwangwani a ramin lallaɓawa suke yi, ba gyara ba. Amma wannan bai sa dole ka sayi kiranki sukutum ba, ana sayar da hannun hagu shi kaɗai. Ka dai tabbatar tsawonsa ɗaya da na dama, kuma ramin yana zaune yadda na tsohon yake, domin a wasu hannuwan gefen murabba'in ne ke kallon feda, a wasu kuma kusurwarsa ce.

Sai haƙora. Haƙorin da ya ci yana yin tsini ya lanƙwasa gefe guda, kaca kuma ta riƙa tsalle in ka taka da ƙarfi, ko ta maƙale a ƙasan faranti ta ƙi saki. Sai dai a kula: a farantan keke mai giya akwai haƙoran da kamfani ya gajarta da gangan, da 'yan ƙusoshi da tudu a bayan faranti, don su taimaka wa kaca hawa lokacin canji. Sabon shiga yakan ga wannan ya ce faranti ya karye. In gajerun haƙoran suna wurare da ke daura da juna, ƙira ce. Farantan da aka ɗaura da noti, wanda ya ci kawai za ka canza. A masu noti huɗu, awon da ya fi yawa shi ne da'irar milimita 104 ga manyan biyu, 64 ga ƙarami. Waɗanda aka dasa da ribit kuwa, kamar yadda ake yi wa masu araha, sai dai a canza gefen dama gaba ɗaya.

Tsaga a jikin hannu, ko lanƙwasa bayan faɗuwa, ba a jayayya da su, kuma kada a kai wa mai walda. Hannu mai tsaga yana ƙarasa karyewa ne a daidai lokacin da mahayi ya miƙe ya ɗora masa nauyinsa duka.

Wane iri ne naka?

Cire murfin roba da notin da ke tsakiyar hannu, ka leƙa bakin sanda.

In bakin mai kusurwa huɗu ne, yana ɗan tsukewa wajen ƙarshe, wannan shi ne irin da ya fi yawa a wajenmu. Notin ba shi ne ke riƙe hannu kai tsaye ba, tura hannun yake yi ya hau kan tsukewar har ya cije. In bakin zagayayye ne mai tsaga takwas, Octalink ne na kamfanin Shimano. Mai tsaga goma kuma ISIS ne. Waɗannan biyun ba sa shiga juna, kuma kayansu sun yi wuya. Shawarata ga wanda ya samu ɗayansu ya mutu ita ce ya bar neman irinsa, ya sauya kiranki da boris ɗin tsakiya tare.

Na uku shi ne wanda sandar ke manne da hannun dama, kofunan boris kuma suna waje, ana ganinsu a gefen firam. Shimano ya kawo nasa, Hollowtech II, a 2003, kaurin sandarsa milimita 24. Na kamfanin SRAM mai suna GXP milimita 24 ne a dama, 22 a hagu, DUB ɗinsu da ya fito a 2018 kuma 28.99. Akwai masu milimita 30. Kowane da boris ɗinsa, kuma bambancin milimita ɗaya ya isa ya hana aiki.

Ga abin da ke sauƙaƙa lamarin: firam bai damu da wane iri ka zaɓa ba, muddin boris ɗin tsakiya ya dace da bututunsa. Yawancin kekunan da za su zo hannunka bututunsu mai tiredi ne irin na Ingila, kuma duk ire-iren nan uku suna da boris da ke shiga wannan tiredi. In ka leƙa ka ga bututun sumul yake ba tiredi, to irin wanda ake matsa boris a ciki ne da na'ura, kamar BB92 ko PF30. Wannan darasi bai ƙunshe shi ba. Kai shi wurin mai na'urar.

Awon da za ka riƙe

Kifa keken ka auna faɗin bututun tsakiya da rula, ƙarfen firam kaɗai ban da kofuna. Ko dai milimita 68 ko 73 za ka samu. Rubuta.

In mai kusurwa huɗu za ka saya, awo na biyu shi ne tsawon sanda, kuma a nan mutane suka fi asarar kuɗi. Ana samun 113, 118, 122.5 da wasunsu. Sabon kirankin ne ke faɗin tsawon da yake so, ba tsohuwar sandar da ke cikin keke ba, saboda kowace ƙira da zurfin da take hawa. Yawancin kirankin Tourney na Shimano masu faranti uku, alal misali, 122.5 suke so. In ka ɗora irinsa a kan sanda 113, ƙaramin faranti zai iya gugar firam. In kuma sandar ta yi tsawo, farantai za su yi nisa har canjin gaba ya kasa kai kaca kan babba. Lambar ƙirar tana bayan hannun, ta Shimano tana farawa da FC. Da ita za ka tambayi tsawon sanda, ko ka duba takardar kwalin, ko shafin kamfanin a intanet. Mai shagon da ya ce maka "duk ɗaya ne" bai auna ba.

Dalilin wannan tsanani shi ne layin kaca. Auna daga tsakiyar bututun sirdi zuwa haƙoran farantin tsakiya. A kekunan da faɗin gindin tayar baya yake milimita 135, ana son 47.5 zuwa 50. A sababbin da ake kira Boost, waɗanda suka yaɗu daga 2015 da faɗin 148, wajen 52 ne. In layin ya kauce, kaca tana tafiya a karkace, tana ƙara, tana cin haƙora, tana faɗuwa.

Tsawon hannu ma a rubuce yake a bayansa, kusa da ramin feda: 165, 170 ko 175. Kekunan da aka ƙera don dogayen Turawa sukan zo da 175, gajeren mutum ya yi ta fama da gwiwa bai san dalili ba. Gajeren hannu yana rage lanƙwasar gwiwa, yana kuma rage dukan feda a kan duwatsu. In ka rage milimita 5 a hannu, ɗaga sirdi da milimita 5.

Sannan ƙirga giyar baya. Masu 6, 7 da 8 kaca ɗaya suke amfani da ita. Daga 9 zuwa 12 kaca tana ƙara sirancewa a kowane mataki, tazarar farantai ma haka. Sayi kirankin da aka yi wa adadin giyarka. Ka kuma auna kacar tun yanzu: daga tsakiyar ƙusa ɗaya, inci 12 ya kamata ya faɗa daidai tsakiyar wata. In ta zarce da kashi 1 cikin 16 na inci, canza ta tare da kiranki, domin tsohuwar kaca tana cinye sabon faranti. In ta kai kashi 1 cikin 8, da wuya giyar baya ta tsira.

Faranti uku, biyu, ko ɗaya?

Tun da SRAM ya fitar da XX1 a 2012, faranti ɗaya ya zama abin yayi, kuma yana da hujja: babu canjin gaba, babu wayarsa, haƙoran kuma an yi su kauri da siriri bi da bi don su riƙe kaca. Matasa suna ganinsa a waya suna sha'awa. Amma kafin ka cire faranti uku, ɗauki biro.

Raba haƙoran gaba da na baya, za ka samu sau nawa taya ke juyawa a zagaye ɗaya na feda. Tayar inci 26 tana cin wajen mita 2 a juyi ɗaya. Ɗauki keke mai farantai 42, 34, 24 da firiwil mai 14 zuwa 28. A kan kwalta, 42 a raba da 14 ya ba da 3, wato wajen mita 6 a kowane zagaye. A kan tudu, 24 a raba da 28 bai kai 1 ba, ƙasa da mita 2 ke nan, ƙafa tana hutawa ko da buhu a kariya. Yanzu sa faranti ɗaya mai haƙora 32 a kan wannan firiwil ɗin. Mafi gudu ya koma ƙasa da mita 5, mafi sauƙi kuma ya haura mita 2. Ka yi asara a sama, ka yi asara a ƙasa. Faranti ɗaya yana aiki ne da giyar baya mai faɗi, irin 11 zuwa 46, wadda ba ta hawa gindin firiwil. Sai ka sauya gindin taya, da canjin baya, da maɓallin giya, da kaca. Kuɗin zai iya wuce na keken.

Don haka mai keken zuwa gona ko kasuwa, ko mai hawan tudun Jos da kaya, ya mayar da irin abin da ya cire. Wanda ke zaune a shimfiɗaɗɗiyar ƙasa kuma kullum yana kan babban faranti zai iya ɗaukar 48, 38, 28, amma ya sani sai ya ɗaga canjin gaba ya kuma ƙara tsawon kaca.

Game da boris: masu araha suna zuwa da buɗaɗɗe, 'ya'yan boris a cikin kofi, da zoben kulle a hagu. Ana iya wanke shi a sa giris a ko'ina, amma ƙurar hunturu da ruwan rafi suna shigarsa. Rufaffen da ke zuwa dunƙule guda ba a gyara shi, sai dai yana daɗewa ba ka taɓa shi ba. Ni shi nake zaɓa.

Kwancewa

Tanadi sifana 15, alanki 5 da 8, soket 14, fular kiranki, makullin boris ɗin tsakiya da ya dace da irin naka, giris, kananzir da tsumma. Fular ba ta da tsada, kuma ita ce bambancin gyara da ɓarna.

Fara da feda tun kiranki yana jikin keke. Ɗora kaca a kan babban faranti don kada haƙora su yanke ka in sifana ta suɓuce. Fedar hagu tiredinta a juye yake. Hanya mai sauƙin tunawa: tsayar da sifana tana kallon sama, ka tura ta wajen tayar baya, ko a dama ko a hagu, feda za ta kwance.

A mai kusurwa huɗu, kwance notin tsakiya, sannan ka leƙa ka tabbatar babu washa da ta rage a ciki. In ka bar washa, fula za ta tokare ta maimakon sanda, ta tsige tiredin hannun. Janye tsakiyar fular baya, ka murɗa jikinta cikin hannun da yatsu har ya ƙure, ka ɗan matse da sifana. Rabin shiga shi ne hanya ta biyu ta tsige tiredi. Yanzu ka juya tsakiyar. Za ta yi tauri, sannan hannun ya saki. Bakin fular mai kusurwa huɗu siriri ne, na Octalink da ISIS ya fi faɗi, kada ka musanya su.

In wani ya riga ka ya kashe tiredin fula, kuma dama hannun na zubarwa ne, sassauta notin ka hau keken a hankali a tsakar gida har ya saki da kansa. Bugun hannu da guduma daga baya yana ratsawa ya lotsa boris.

A irin Hollowtech II ba a bukatar fula. Sassauta notoci biyu da ke gefen hannun hagu, cire murfin roba da ke bakin sanda, ɗaga ɗan ƙarfen tsaro da ke cikin tsagar, ka zare hannun. Tura sandar da tafin hannu, gefen dama zai fito.

Sai kofunan boris, inda ake kashe firam. A tiredin Ingila, na dama ne a juye, akasin feda. Tsayar da makulli yana kallon sama, ka tura shi wajen tayar gaba, a gefen biyu. In kofi ya yi tsatsa, ɗiga masa man kwance tsatsa ka bar shi ya kwana, ka ɗaure makullin a jikin sanda da noti da washa don kada ya zame, ka ƙara wa hannunsa tsawo da bututu. Kafin ka sa ƙarfi, sake tambayar kanka wane gefe kake juyawa. Kada ka sa wuta. Hannun kiranki ana sayensa a shago, tiredin firam kuwa in ya mutu sau da yawa keken ne ya tafi.

Ɗaurawa

Wanke cikin bututu da kananzir da tsohon buroshi, ka busar, ka shafa wa tiredi giris. Kowane kofi da alamarsa, R dama, L hagu. Fara murɗawa da yatsu kawai. In ya cije tun juyi na farko ko na biyu, a karkace ya hau, fitar da shi ka sake. Makulli ba ya taɓa kofi sai yatsu sun kai shi nesa.

Rufaffen boris na kusurwa huɗu galibi ta dama jikinsa ke shiga. Sa kofin hagu juyi kaɗan don ya riƙe saiti, ka ɗaure na dama har ya zauna a jikin firam, sannan ka ƙarasa na hagu. Shimano ya ba da niyuton-mita 50 zuwa 70 a nan. Goge bakin sanda tas. Kamfanoni sun saɓa a kan shafa masa giris, wasu sun ce a bar shi a bushe, wasu sun ce a shafa kaɗan, don haka bi takardar kirankinka. Tiredin notin dai a sa masa. Ɗora hannun dama, ka ɗora na hagu yana kallon akasinsa daidai, ka ɗaure kowane noti 35 zuwa 50.

Ba kowa ke da sifana mai awon ɗauri ba, amma lissafin ba wuya. Niyuton-mita 40 daidai yake da nauyin kilo 20 a ƙarshen hannu mai tsawon santimita 20. Ɗan gajeren alankin aljihu ba zai kai wannan ba, kuma rashin kaiwar shi ne mafarin girgiɗin da muka yi magana a kansa.

A Hollowtech II na hawan dutse akwai zobba uku, kowane milimita 2.5. Bututu mai 73 zobe ɗaya yake so, a dama. Mai 68 yana son uku, biyu a dama, ɗaya a hagu. In canjin gabanka irin wanda ke ɗaure a bayan kofin dama ne, farantinsa yana maye gurbin zobe ɗaya. Kada ka manta bututun robar da ke tsakanin kofuna, shi ke tare ruwa. Ɗaure kofuna 35 zuwa 50, shafa wa sanda giris, ka tura ta. Hannun hagu hanya ɗaya yake shiga, akwai tsaga mai faɗi da ke nuna saiti. Murfin robar bakin sanda ba ɗauri ne aikinsa ba, cire wasa ne kawai, 0.7 zuwa 1.5, ƙarfin yatsu ke nan. Wanda ya matse shi da filaya ya danne boris, kuma ba za su daɗe ba. Mayar da ɗan ƙarfen tsaro, sannan ka ɗaure notocin biyu bi da bi, kaɗan a wannan kaɗan a wancan, har su kai 12 zuwa 14.

Kafin ka mayar da kaca, juya kirankin. Ya kamata ya tafi sumul ba wasa, kuma tsakanin farantai da firam, da tsakanin ƙarshen hannuwa da firam, a sami 'yan milimita a gefen biyu. Shafa wa feda giris, ka duba R da L, ka fara da yatsu, ka ɗaure aƙalla 35.

Abin da ya rage

Saita canjin gaba ya zama akwai tazarar milimita 1 zuwa 3 tsakaninsa da haƙoran babban faranti, jikinsa kuma a miƙe da farantin. Sukurun L yana hana kaca faɗawa ciki, na H yana hana ta faɗawa waje. In girman faranti ya canza, naɗa kaca a kan babban gaba da babban baya ba tare da ta bi ta canjin baya ba, ka ƙara inci ɗaya a inda ta haɗu, ka yanke.

Gwada keken a fili kafin titi, ka bi giya duka, ka miƙe ka taka da ƙarfi. Bayan hawa na farko ko na biyu ka sake gwada notocin sau ɗaya. Kada ya zama al'ada kullum kana ƙara wa mai kusurwa huɗu ɗauri, domin kowane ƙari yana tura hannun gaba, har ramin ya tsage.

Aiki

1. Keke yana da bututu mai faɗin 68, za a sa masa Hollowtech II. Zobba nawa, kuma a ina?
2. Faranti 38, giyar baya 19, taya inci 26. Mita nawa keken zai ci a zagaye ɗaya na feda?
3. Hannun hagu kaɗai ke girgiɗi, an ɗaure shi ya sake kwancewa. Me ya faru, kuma me za a saya?

Kowane ɗalibi ya sami keke mai giya, nasa ko na maƙwabci, ya rubuto faɗin bututun tsakiya, da irin bakin sanda, da tsawon hannu, da adadin haƙoran kowane faranti, da adadin giyar baya. A zo da takardar aji na gaba, da ita za mu yi aikin hannu. Wanda ke da fular kiranki ya taho da ita.